Rijiyar da Zulai Ta Sa Na Rufe

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanwata Zulai. Ni ne babba a ɗakinmu, ita ce auta. Mahauci ne ni a kasuwar Kilomita Biyar, ban yi boko ba. Ina faɗa ne maƙwabcina yana rubutawa, na kuma ce masa kada ya ƙara gishiri.

Zulai ta yi karatu har ta samu aiki a ɗakin gwaje-gwaje, wanda suke kira labo. Aikinta neman guba a cikin ruwa. Ta taɓa kai ni na gani da idona. Wata 'yar waya ce, ta fi gashin kai siranta, an shafa mata zaiba a baki, irin zaibar da masu haƙar zinariya suke nema. Ta tsoma ta a ɗan kofin ruwa, ta sakar mata lantarki kaɗan. Ta ce ƙarfen da ya narke a ruwan, komai ƙanƙantarsa, zai bi ya shige cikin zaibar. In ya taru sai ta juya lantarkin, ƙarafan su riƙa saki ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana zana tudunsa a fuskar kwamfuta. Dalma da wurinta, tagulla da wurinta. Tsayin tudun shi ne yawan gubar.

Na ce, "Auta, zaiba ai guba ce. Da guba kike farautar guba?"

Ta ce, "Yaya, kai da wuƙa kake ciyar da mutane, wa ya ce maka kanzil?"

A gidanmu na gado, ta wajen unguwar Kokoro, akwai rijiya. Ruwanta garau, ga daɗi a baki. Matan unguwa sun ɗauke ta mai albarka, duk wadda ta haihu ruwanta ake ɗebo mata na sha da na wankan jego. A bayan katangarmu kuwa wasu sun daɗe suna fasa tsofaffin batiran mota don cire dalma, ruwan batirin su zubar a ƙasa. Ba wanda ya taɓa haɗa wannan da wancan.

Sai lokacin rikici ya zo, aka toshe hanyoyin unguwa, famfo ya ƙafe. Kowa ya koma kan rijiyarmu. Zulai ta lura yaran gidan suna yawan ciwon ciki, sun yi fari, ba kuzari. Ta ce ruwa ba ya tsami banza. Ranar da aka samu sarari ta cika 'yar kwalba, ta sa a jaka, ta fita. Fita daga unguwar a lokacin ba wasa ba ce. Da ta dawo ko mayafi ba ta cire ba.

"Yaya, a rufe rijiyar nan. Akwai dalma."

"Ai muna tacewa, muna tafasawa."

"Tafasawa ƙwayar cuta take kashewa. Dalma ba ta da rai balle ta mutu. Manya za ku iya ɗaukar lokaci. Jariri kuwa kansa take shiga."

'Yata Nana tana da cikin fari a lokacin. Wani ruwan kuma sai an je can bakin unguwar Miskine, inda harsashi ba ya tambayar sunan mutum. Na auna. Harsashi ina jin ƙararsa, zan iya kwantawa a ƙasa. Dalma kuwa ba ta yin ƙara. Ban ga tudun da kwamfutar ta zana ba, amma Zulai ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Na samo siminti na rufe bakin rijiyar, na shiga turo jarkoki a kura kowace safiya.

Unguwa ta yi fushi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wata tsohuwa, Inna Delu, ta tsaya a ƙofarmu ta ce duk 'ya'yanta wannan ruwan suka sha, boko ne ya haukata Zulai, ni kuma na bi. Wasu sun daina amsa gaisuwata har a masallacin Juma'a. Wanda ya zo da bokiti na zuba masa daga jarkata.

Nana ta haifi namiji, Zulai ta ɗauke shi, ta yi masa wasa. Bai kai ga yaye ba zazzaɓi ya kama Zulai, kafin mu samu hanyar asibiti rai ya yi halinsa. Allah Ya jiƙanta.

Yau ƙura ta lafa. Nakan tambayi kaina me za ta ce in ta ga unguwar. Sola ta cika rufin gidaje, matattun batira sun fi na da yawa, masu fasawa ma sun ƙaru. Kowa yana shan ruwan leda, ban san wanda yake gwada shi ba. Ta taɓa ce mini masana suna neman abin da zai maye gurbin zaiba saboda illarta. Ko sun samu, ban sani ba. Na dai san da tana nan da ta cika jakarta da kwalabe ta bi gida gida, ana zaginta tana ɗiba.

Ba zan rantse cewa rufe rijiyar ne ya sa jikana yake da lafiya ba. Wannan sanin Allah ne. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne, na tsufa, in na mutu wa zai hana a buɗe ta?

A watan jiya wasu fatake baƙi da suka kama haya a gidan suka ga rijiya a rufe, ga tsadar ruwa. Ina kasuwa suka kira magini da guduma. Kafin labari ya iso ni an gama rigimar. Matan unguwa ne suka fito, har da jikokin Inna Delu. Suka ce wa maginin da yaren Sango "sioni ngu", wato mugun ruwa, suka ƙwace gudumar. Yawancinsu ba su san fuskar Zulai ba. Da na iso na tarar da su zaune a kan simintin suna tsinken ganye, ba wadda ta ma ga dalilin a kira ni.