Maisun da Masu Ƙin Dawowa

A unguwarmu a birnin Irbid na ƙasar Jordan ana cewa taubashiyata Maisun ta koma duba, wai hannun ɗalibi take kallo ta faɗa masa ranar aurensa. Ƙarya ce, ko da yake ni na yaɗa ta.

Shekara goma sha tara tana aikin jinya a asibitin jami'a. Duk farkon zango takan yi wa ɗaruruwan ɗalibai allurar gwajin tarin fuka a fatar hannu, ta ce su dawo bayan kwana uku ta auna kumburin. Wanda bai dawo ba, ba shi da takardar fara koyon aiki a asibiti. Rabinsu kan ɓace, ita kuwa ta yi ta binsu a waya har muryarta ta dushe.

Ran Juma'a na same ta gidan kawu, ƙafafunta cikin ruwan ɗumi. Na miƙa hannu.

"Bokanya, duba mini."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Janye, ɗan gwaggo. Kwana uku nake jiran mutum. Kai kuwa tun hutun aji shida malaminku yake jiranka."