Ranar da muka kai ƙarar kitso majalisar dattawa

Shekara uku na yi ina kitso a shagon wata Hajiya 'yar Damagaram, a kan High Point Road, tsakanin mai sayar da tsofaffin motoci da kantin da muke sayen gero. Wata Asabar wata malamar makaranta da nake yi wa shuku ta ce mana ana shirin doka a Raleigh, babban birnin jiharmu: duk mai kitso sai ta yi karatu ta karɓi lasin.

Hajiya ta ajiye tsinke. "Karatun kitso? Ni da na fara kitsa kan ƙannena tun ban yi wayo ba? Ɗiyata, ranar Talata za ki kai ni wurin babbansu."

Ni ce mai Turanci, ni ce mai tuƙi, don haka ban da ta cewa. Ta sha leshi, ta ƙunshe kilishi a jaka, muka kama hanya.

Da muka isa majalisar dattawa, aka hau da mu benen 'yan kallo. A ƙasa kujeru hamsin, wasu ba kowa, masu su na yawo suna gaisawa. Can sama wani na zaune da guduma a hannu.

"Ga patiron can, babban nasu," in ji Hajiya.

Wani dattijo mai tsaron ƙofa ya raɗa mini bayani, ni kuma na juya mata. Kujerar ta mataimakin gwamna ce, kuma ba ya jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki. Mai ƙarfin gaske yana ƙasa cikin jama'a, 'yan majalisar ne suka zaɓe shi, shi ke raba su kwamiti-kwamiti.

"To gudumar fa?"

"Ta hana surutu ce, Hajiya."

"Ashe sanƙira ne." Ta gyara zama, ta daina kallonsa.

Aka yi addu'a, aka karanto kanun wasu dokoki da sauri kamar mai gwanjo, aka buga guduma, kowa ya miƙe. Ko kitso biyu ban isa in gama ba a wannan zaman. Hajiya ta damƙe hannuna.

"Sun gama da mu?"

Na sake komawa wurin dattijon. Ya ce tamu ba ta ma zo nan ba, tana kwamiti. In ta fito sai an karanta ta har sau uku gaba ɗaya, ɗaya majalisar, ta wakilai, ita ma ta yarda, kafin ta je teburin gwamna. Hajiya ta yi ajiyar zuciya. Ta ce a inda ta fito, in aka kai magana kwamiti an yi mata sutura ke nan. Dattijon da na fassara masa ya yi dariya har ya dafa bango, ya ce nan ma akan yi haka, amma kada mu saki jiki.

Shi ya nuna mana ofishin sanatan yankinmu. Muka tarar da mutum mai fara'a, kansa tal kamar ƙwarya, ko gashi ɗaya babu. Hajiya ta dube shi, ta dube ni.

"Wannan ne zai yanke hukuncin kitso?"

"Me ta ce?" ya tambaya.

"Ta ce ta ji daɗin ganinka," na ce.

Ya saurare mu sosai, yana rubutawa. Kilishin ya ce ba zai karɓa ba, akwai ƙa'ida a kan kyauta, amma ya ɗanɗana ɗan ɓalli don kada ta ji kunya. Yajin ya kama shi, ya ƙarasa yi mana bayani yana share hawaye. Ya ce shi ba ya cikin kwamitin, sai dai ya san shugabar, zai yi mata magana.

Muna fitowa Hajiya ta tsaya a kan sakatariyarsa, wata baƙar fata mai kirki.

"Wa ya yi mata wannan aika-aika? Dubi yadda aka ja mata goshi."

Kafin in hana ta, ta warware layi biyu na gaba, ta sake kitsa su a tsaye, jaka a hammata. Matar ta duba madubi, ta taɓa goshinta, ta ce kwana huɗu ke nan sai yau ta ji kanta ya sake ta. Ta rubuta mana ranar zaman kwamiti da lambar ɗaki, ta ce mu zo da yawa.

Mun koma mu goma sha ɗaya a mota biyu, aka ba Hajiya minti biyu, ta ci bakwai, ni ina fassara abin da zai fassaru.

Dokar ta fito daga baya. Aka ce waɗanda suka daɗe a sana'ar ba sai sun zauna aji ba, jarrabawa za su yi. Hajiya ta ci tata a kan wata 'yar tsana ta roba. Ta dawo tana mita, wai tun da take ba ta taɓa kitsa kan da bai ba ta labarin kowa ba.