Ramin da Takarda ta Nema

Cikina na biyu yana wata shida aka fara rigimar gidan haihuwa a unguwarmu ta Bodinga. Na fari a gidan iyayena na je haihuwarsa, Horo Birni, can ƙasar Shagari. Kwana biyu ina naƙuda, aka ɗora ni a amalanke zuwa bakin titi, kafin a sami mota ɗan ya mutu a cikina. Tun daga nan ko ɗan ciwon mara na ji sai gabana ya faɗi.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata Hajiya, ungozoma ce da ta bar aikin asibiti a Sakkwato ta dawo gidan marigayi mijinta. Ta share ɗaki biyu, ta shafa musu farar ƙasa, ta kawo gadon ƙarfe da tukunyar da take dafa almakashinta. Ta leƙo ta kan katanga ta ce min, "Ɗiyata, wanga karon ba amalanke. Taku goma za ki yi ki ishe ni." Sai dai ba ta da ikon buɗewa sai da takardar izini ta hukuma, takardar kuwa sai dubagari ya duba wurin, maƙwabta sun dangwala yatsa.

Ni ban yi boko ba, amma katangar tana da tsaga, a nan na kafa ido ranar da dubagarin ya zo da igiyarsa ta awo mai ƙulli-ƙulli. Ya ce takarda ta nemi rami mai zurfi da murfi, inda za a riƙa zuba mabiyiya in ta biyo jariri, kuma dole ramin ya yi nesa da kowace rijiya.

Hajiya ta yi dariya. "Yallaɓai, wa kat taɓa jin ya bar mabiyiyar ɗa nai gidan wani? Kowa da kasko shika zuwa, a kai ta gidan uba a binne."

"Na sani, Hajiya. Tawa ma tana garinmu Mandera bayan ɗakin uwata. Amma takarda ta ce rami."

Wuri ɗaya ne ya rage a gidan da za a iya haƙawa, can jikin katangar wani tsoho mai fataucin albasa. Aka ja igiya daga nan zuwa rijiyarsa, ƙulli uku ya rage a hannun dubagari ba a warware ba. Tsohon ya naɗe hannunsa cikin riga kamar za a ƙwace masa yatsan.

"Rijiyar da kakana yag gina? A kawo mini jinin matan ƙauye kusa gare ta?"

Hajiya ta ce, "Alhaji, wankan jegon matanka ina anka yi shi, in ba bakin rijiyag ga ba?"

"Wancan jinin gidana ne."

Dubagari ya naɗe igiyarsa ya hau keke. Sati ya wuce, wani ya bi shi. Ƙafafuna suka kumbura har zoben yatsana na ƙafa ya nutse. Hajiya ta shigo ta latsa cikina, sannan ta ce kan jaririn bai juyo ƙasa ba tukuna, amma da sauran lokaci. Na ga ba ta kalle ni ba da ta faɗa. Ga damina ta kama, hanya ta zama laka.

Na riƙe tsawon igiyar nan a raina. Ina ba awaki dusa sai na dubi turkensu, yana jikin katangar Hajiya ta ɓangarenmu, nesa da rijiyar tsoho. Mu ba mu da rijiya. Na auna da ƙafa sau huɗu, ina yi kamar neman ƙwan kaza nake.

Maganar haihuwa ba abin da zan iya buɗe baki in yi wa maigida ba ce. Na je wurin uwarsa, na durƙusa, na faɗa mata a haƙa ramin a turken awakinmu, ina kallon tabarma.

"Mabiyiyar wasu cikin gidan ɗana? Ke mi ad damunki?"

"Inna, ba mai barin tashi mabiyiyar ciki. Ramin na takarda ne."

Ta ci gaba da tsince wake. Na ce, "Inna, tsoro nika ji." Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ranar. Da ɗanta ya dawo daga gona na ji ta ce masa ya sauya wa awaki turke.

Aka fasa katanga, aka haƙa rami, aka yi masa murfin siminti. Dubagari ya ja igiya har ta ƙare ba ta kai rijiya ba. Tsohon bai yarda ba sai da ya taka da ƙafarsa sau biyu, yana ƙunƙuni, sannan ya miƙa yatsa. Na zaci an gama. Ashe sai an kai takardar Sakkwato an sa hannu, lokacin kuwa ana tsuke bakin aljihu, sabulu ma sai an bi layi, motar ofis tana kan duwatsu babu taya. Aka ce sai bayan girbi takardar za ta dawo. Hajiya ta ce in ta buɗe ɗakin ba izini, rufe shi za a yi har abada, kwaɗo yana nan a ƙofa.

Naƙuda ta kama ni da hantsi, ana yayyafi. Inna ta ɗaga murya ta kira. Hajiya ta biyo ta inda aka fasa, tukunyarta a hannu tana tururi.

"Doka ba ta hana maƙwabciya shiga gidan maƙwabciya ba. Shimfiɗa tabarma."

Ƙafa ce ta fara fitowa. Na ji Inna ta fara salati da ƙarfi, Hajiya ta ce mata ta riƙe kafaɗuna kawai. Ni kuma ta ce kada in yi nishi sai ta ce, na cije zanena ina jira. Da yarinyar ta fito ba ta yi kuka ba. Ina kallon rufin ɗaki, ina jin Hajiya tana tsotse mata hanci tana tofarwa, tana murza mata baya. Can sai ga wani ɗan tari, kukan ya biyo baya siriri.

Hajiya ta zauna daɓas a ƙasa. Ta ce wa Inna ta ɗora ruwa a wuta.