Katunan Rediyo Mai Guga

Rediyo ake ce masa, kuma wanda ya raɗa masa sunan bai zalunce shi ba. Tun yana saurayi yake guga a wani ɗan shago mai tebur ɗaya da igiyar rataye kaya. Ka kawo riga ɗaya, ka tafi da labari uku. Da dutsen gugar nan ya yi aure, da shi ya reni 'ya'ya huɗu, bai taɓa ƙona wa kowa ko aljihu ba, kuma zai gaya maka haka ko ba ka tambaya ba.

Sai Allah ya ba shi auta mai in'ina. Yarinya ce mai kaifin basira, amma kalma kan maƙale mata har jijiyar wuyanta ta tashi. Rediyo ba ya iya jure kallon haka. Da ta fara "r... r...", zai ce, "Ruwa? Ku ba ta ruwa." Yayyenta ma haka suke yi. A hankali Auta ta daina wahalar da kanta, ta koma nuni da yatsa da gyaɗa kai. Abin ya tsorata shi ƙwarai, don yana gani ƙiri-ƙiri 'yarsa za ta bar magana gaba ɗaya. Laifin kuwa, a ganinsa, na yayyenta ne masu rigegeniyar baki.

Kwalayen da ake cirowa daga cikin sababbin riguna ya tara, ya yanka su daidai tafin hannu, ya zana musu hotuna da biro. Kai, zane dai sai a hankali! Akuyarsa kamar tebur, jirginsa kamar takalmi. Ran da ya baje su a tabarma bayan la'asar, matarsa ta riƙe haɓa.

"Malam, karta ka kawo mana cikin gida?"

"Wace irin karta? Labari za a yi. Kowa ya ja kati, ya ɗora daga inda na baya ya tsaya. Doka ɗaya ce: mai riƙe da kati shi ke da baki. Wanda ya tsoma masa baki ya fita."

Ya faɗi haka yana hararar manyan yaran. A zagayen farko aka kori mutum ɗaya, shi ne Rediyo. Washegari ma shi. Matarsa ta yi dariya har da hawaye, ta ce mai doka ya zama ɗan kallo. Auta kuwa kalma ɗaya take jefawa ta ajiye kati da sauri.

Wata ranar hutu, Auta ta jawo katin mutum mai hula. Ta daɗe tana kallonsa. Rediyo ya sa hannu ya toshe bakinsa.

"W-wani mutum ne," ta ce, "yana da 'ya. Kullum yana s... s... s..."

Ta maƙale. Kalmar na kan harshen Rediyo tana ƙuna: sonta, yana sonta, me ya fi wannan sauƙi? Gumi ya karyo masa. Ya danne, ya ciji yatsa.

"...s-sace mata magana."

Kunya ta rufe Rediyo, sai a lokacin ya gane ashe shekara da shekaru ba abin da ke ranta yake ƙarasa mata ba. Auta ta ɗago ta dube shi.

"Amma y-yau ya bar mata kayanta. Sai ta ce masa, B-baba, akuyar nan taka t-tebur ce."

Gidan ya kece da dariya, tasa ta fi ta kowa ƙarfi, yana yi yana share ido da hannun riga.

Yanzu Auta ta girma, tana aiki a kantin magani, in'inarta na nan, kuma ba ta ragar wa kowa a magana. Katunan sun yi laushi, maƙwabta na aron su. Duk wanda ya kawo guga sai ya ji wannan labari. In Rediyo ya zo kan "s... s...", yakan jingine dutsen guga ya yi shiru. Yawancin mutane ba sa iya jira, sai su ce, "Sonta?"

"Ka fita," in ji shi, fuskarsa cike da alfahari. "'Yata ba ta gama magana ba."