Yadda Muka Kai Firigo Rijiyar Kuka

Asabar: Magarya zuwa Mallawa

Na bar gida bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Ni mai gyaran kuran ne, wato wutar lantarki, a Magarya. Ɗan kwangilar da nake wa aiki ne ya aike ni in kai firigo na sanyaya magani, mai aiki da hasken rana, wani ɗan asibitin ƙauye da ake kira Rijiyar Kuka, gabas da Mallawa. Kayan ba su da yawa: firigon, fanno biyu masu ɗaukar hasken rana, batir, da kwalin ampul, ƙwan fitila irin waɗanda ba su cin wuta. An ce mini kuɗinsu ya fito ne daga ɗan ƙarin nan da gwamnati ke ɗorawa a faktir, takardar kuɗin wuta, ta duk mai kontar, wato mitar wuta.

A tasha muka ɗaure firigon a tsaye a bayan mota, don in ya kwanta injinsa na iya lalacewa. Shofer ya ce sai na biya masa kuɗin mutum biyu, na biya. Kusa da ni wani Alhaji ne mai sayar da ƙanƙara a kasuwarmu. Da ya ji inda kuɗin kayan ya fito sai ya tafa hannu.

"Ashe nawa ne ka ɗauko! Kullum kuran na ɗaukewa, ƙanƙarata na narkewa, amma wannan ƙarin ba a taɓa mantawa da shi ba."

"Alhaji, ai ni ma ina biya," na ce.

"To, ka taɓa ganin inda ya shiga?"

Na ce sai yau. Ya yi tsaki ya juya wajen taga. Ban ga laifinsa ba, don abin da ya faɗa game da ɗaukewar wuta gaskiya ne.

A bariya, shingen jandarma, suka duba kat ɗin shaidar kowa da takardar kaya, suka ba mu hanya. Muka isa Dungas kafin azahar. Na ci shinkafa da wake a rumfar wata mata a bakin tasha, na zauna gadin kaya har bayan la'asar kafin motar Mallawa ta cika. A Mallawa na sauka gidan kawuna. Ya sa aka shigar da firigon zaure, ya ba ni tabarma kusa da shi.

Lahadi: Mallawa zuwa Rijiyar Kuka

Mota ba ta shiga Rijiyar Kuka da bazara, rairayi ya yi yawa. Da sassafe wani mutum dogo ya iso da amalanken shanu. Ya ce sunansa Malam Idi, ma'aikaciyar asibiti ce ta turo shi. Bai yi ciniki ba. Ya shimfiɗa karan gero, muka ɗora firigon, ya cire mayafin kafaɗarsa ya lulluɓe shi.

Tafiyar ta ci mana hantsi duka. Duk inda hanya ta karkata sai ya diro, ya dafa firigon da hannu biyu, yana yi wa shanun magana a hankali. Na so jan sa da hira, na tambayi farashin wake da labarin damina. Amsarsa ba ta wuce kalma biyu. Na ɗauka halinsa ne.

A wata rijiya muka tsaya shayar da shanu. Matan da ke jan ruwa suka saki guga suka durƙusa.

"Malam Idi, ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ce."

"Amin. Mun gode Allah."

Da muka tashi na ce, "Malam, rasuwa aka yi maka?"

"'Yata ce, Hadiza. Ba ta cika shekara biyu ba. Ƙyanda. Jiya aka yi sadakar uku."

Na yi masa ta'aziyya, na ce da ya bari wani ya zo. Ya ce shanunsa ne suka fi na kowa natsuwa a garin, kuma zaman gidan ya fi masa tafiyar wuya. Muka ci gaba da tafiya har muka hango rumbuna.

Asibitin ɗaki biyu ne da rumfa. A rumfar mata na zaune da yara a cinya, idanun yaran jajur, jikinsu duk ƙuraje. Ma'aikaciyar, Madam Ramatu, ita kaɗai ce a wurin. Ta kai ni ta nuna mini tsohon firigon, mai aiki da gas.

"Kwalba na ƙarewa, sai a yi kwanaki kafin wata ta iso," ta ce. "A wannan zafin, yini ɗaya ya isa allurar rigakafi ta mutu. Ba zan tsira wa yaro ruwan banza in ce wa uwarsa ya tsira ba. Sai na ce su jira. Suna jira cutar ta shigo."

Sai na kwance kayan aiki. Malam Idi ya ɗauko dagi ya haƙa ramin ƙarfen da za a ɗora fanno, bai bari kowa ya karɓe shi ba. Kafin magariba na gama haɗa waya, na sa ampul ɗaya a ɗakin haihuwa, ɗaya a rumfa. Mai gari ya aiko mini da tuwon gero da miyar kuka, na kwana a zaurensa.

Litinin

Rana na ɗagawa firigon ya fara ƙugi a hankali. Wajen azahar Madam Ramatu ta buɗe, ta sa hannunta ciki, ta daɗe ba ta fitar ba. Sai ta ɗauki waya ta kira Dungas ta ce a aiko da allura.

Ina tattara kaya Malam Idi ya zo ya tsuguna gefena.

"Mai kuran, wane ne ya saya mana wannan? Ina so a kai masa gaisuwa."

Na ce ba mutum ɗaya ba ne. Na yi masa bayanin kontar da faktir, da ɗan abin da ake karɓa a hannun tela da mai niƙa da malamin lakwal, wato makarantar boko, kowa kaɗan-kaɗan, wasu ma suna biya suna ƙorafi.

"Sun san mu?"

"A'a, ba su san ku ba."

Ya tashi ya tafi gida, ya dawo da ƙullin gyaɗa, ta kai tiya biyu. Na san a wannan lokacin babu gyaɗar da ta rage wa manomi sai ta iri. Na ƙi karɓa.

"Ba taka ba ce, balle ka ƙi," ya ce. "Saƙo ne. Akwai ƙaninta a goye, wata huɗu gare shi. Ka ba waɗanda ka samu."

Shi ya maido ni Mallawa. Na sake kwana gidan kawu.

Talata: komawa gida

Na sami motar farko zuwa Dungas, na shigo Magarya da la'asar. Bayan na yi wanka na ɗauki ƙullin na bi layinmu, duk gidan da na ga kontar a bango sai in yi sallama in ba da cikin tafi. Wasu suka yi dariya, wasu suka ɗauka sadaka ce. Wanda ya tambaya sai in gaya masa.

Gida na ƙarshe na Inna Mariya ne, tsohuwa mai ampul ɗaya a tsakar gida, wadda ni nake karanta mata faktir duk wata. Ta saurari labarin har ƙarshe, gyaɗar na hannunta.

"Yaya sunan yarinyar?"

"Hadiza, Inna."

Ta juye gyaɗar a bakin zanenta ta ƙulle, ta ɗaga hannu ta yi mata addu'a da sunanta, ta yi wa ƙanin nata. Na shafa tare da ita.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa kawuna da mai garin Rijiyar Kuka da suka saukar da ni. Malam Idi, saƙonka ya isa.