Ba Modu Mai Jefa Kaya Ƙasa

Duk wanda ya taɓa sayen kaya a hannun Ba Modu na Moduganari ya san dokar: kafin ya miƙa maka abu, sai ya ɗaga shi daidai kafaɗarsa ya sake shi a kan siminti. In ya tsira, naka ne. In ya fashe, nasa ne.

Ranar da na fara zuwa wajensa, ina sabon ɗan kasuwa, injin lanƙwasa rodi nake nema in kai wa magina. Lokacin gine-gine ake ta yi a Maiduguri, shi kuma yana ƙera injinan da tsohon sifirin na manyan motoci. Ina cikin taya kuɗi sai na ji ƙarfe ya dira dab da babban yatsana. Na yi tsalle har hulata ta faɗi.

"Ba Modu, kashe ni za ka yi?"

"Ƙarfen bai yi ihu ba, kai ne ka yi. Kawo kuɗi."

Fenti kuwa, kala ɗaya ya sani. Ya taɓa samun durom guda na kore a gwanjo, da shi ya shafe shekaru. Injin kore, ƙofar shago kore, har kekensa kore. Na ce ya canza, masu saye suna son ja. Ya ce, "To ka sayar musu da tumatir."

Da wutar lantarki ta fara wasa da mutane, yau ta yi sama ta ƙona firji, gobe ta yi ƙasa, sai ya koya wa kansa naɗa waya, ya fara haɗa sitabilaiza. Akwatin ma shi ke lanƙwasa shi da injinsa. Muka ce wannan kam kayan wuta ne, ba za a jefa ba. Ina! Har sau biyu yake jefawa. Shi ya sa ranar jeren 'yarsa, matarsa Ya Fanna ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ɗakin nan akwai tangaran. Ka sa albarka daga nan."

Amma abin da ba zan manta ba shi ne kwangilata ta farko. Wani otel a Bulumkutu ya nemi sitabilaiza ga kowane ɗaki, kuma na san in na gyara, sunana ya zauna a garin nan. In na ɓata, sai dai in koma talla. Na samo wasu na waje, masu sheƙi, ga araha, ga nauyi. Na kai masa ɗaya don in yi masa gori.

"Ba Modu, ɗaga ka ji. Wannan shi ake kira kaya."

Ya ɗaga. Ya kai kafaɗa. Na ce, "Don Allah kar..." Ya saki.

Akwatin ya dare biyu. Wallahi ɓallen bulo ne ya mirgino daga ciki, an ɗaure shi da roba, sai wata 'yar waya siririya kamar zaren ɗinki. Ya sunkuya ya ɗauki bulon, ya juya shi, ya ce, "Bulon dai mai kyau ne. Ajiye, za ka yi gini."

Gumi ya rufe ni. Washegari ne da zan kai kayan. Ba Modu ya ce in je in roƙi mai otel ya ƙara mini sati uku. Ya zauna ya naɗa mini wasu sababbi ɗaya bayan ɗaya, koraye shar, kuma kowanne sai da ya sha ƙasa a gabana ina salati. Mai otel ya ce munana ne. Shekara goma bayan nan ya zo neman ƙari, ya ce irin munanan yake so.

Yau shaguna uku gare ni, kuma bulon nan yana kan teburina. Duk dillalin da ya kawo mini sabon kaya, in ya ga na ɗaga zuwa kafaɗa, sai fuskarsa ta faɗa mini gaskiya tun kafin in saki.

Ranar da muka kai Ba Modu makwanci, ina cikin waɗanda suka karɓe shi a bakin kabari. Ban taɓa ajiye wani abu a hankali kamar ranar ba. Allah Ya jiƙan Ba Modu, Ya sa ƙasa ta yi masa laushi, Ya saka masa da alheri kan sunana da ya tsare mini. Amin.