Sabon Tafinta a Benci

A bencin ƙofar kotu sabon tafinta yake zaune, cikin kwat da ta yi masa yawa, wataƙila ta aro. Idonsa na kan waya, yana haddace yadda ake cewa son kai da toshiyar baki da Turanci.

Mai ɗinki tana kallon bakinsa, don ta nan maganarta za ta bi zuwa kunnen alƙali. Mutumin da ke neman ƙwace mata shago kuwa yana gefensa, yana yi masa fifita da jarida, yana gyara masa furuci.

"Yawwa, ɗana! Sake faɗa."

Ta kasa haƙuri. "Malam tafinta, me kalmar take nufi?"

"Adalci, baiwar Allah," in ji mai fifitar, tun tafinta bai buɗe baki ba.